Fil ko makullin asali a kapon tsohuwar 504?

Masu tsohuwar Peugeot 504 a nan Maradi sun san matsalar, kapo, wato murfin injin, ya fara rawa in ka hau hanyar Dakoro, sai wani ya ce maka kawai a huda a sa fil guda biyu, ƙarafan da ke riƙe kapo ta waje, a huta.

To fil ɗin yana riƙewa gaskiya, ba kabul ɗin da zai tsinke, kuma da ido kake ganin ko a rufe yake. Amma sai an huda kapon wuri biyu, kuma ramin nan in ba a shafe bakinsa da fenti ba damina ɗaya tsatsa ta kama shi. Ga shi kowa na iya zarewa daga waje, ka ajiye mota bakin kasuwa ka dawo ba batir. In ka manta ba ka mayar da fil ba kuma ka cire makullin, iska za ta ɗaga kapon ya rufe maka gilashin gaba kana cikin gudu, Allah ya kiyaye.

Na asalin kuwa riƙo biyu gare shi, wanda kake ja daga cikin mota da ƙaramar ƙugiyar da sai ka sa yatsa ƙarƙashin kapo ka ture. Sau da yawa ma bai lalace ba, ƙura ce ta haɗu da tsohon giris ta daskare, a wanke da gazuwal a sa sabo a daidaita shi. Kayan ma ana samu tunda an daɗe ana haɗa 504 a Kaduna kafin a daina.

Ni dai motar da ta kai wannan shekaru da kaponta lafiya ba zan bari a huda mini ita ba wallahi, sai in ta shiga daji ce kullum.