Wane Kundin jacksoul Ya Kamata Ka Fara Saye?

Ƙungiyar jacksoul ta birnin Toronto a Kanada ta fitar da manyan kundayen waƙa biyar tsakanin 1996 da 2009, dukkansu da muryar Haydain Neale a gaba. In kuɗinka na faifai ɗaya ne, sayi Sleepless na shekarar 2000, kada ka tsaya dogon tunani.

A Sleepless ne ƙungiyar ta kama hanyarta: kiɗan soul na makaɗa riƙe da kayan kiɗa a hannu, ga kuma zaƙin pop da gidajen rediyo ke so. Muryar Neale tana da 'yar kaushi, kuma ba a binne ta ƙarƙashin ganguna ba, har numfashinsa kana ji. A ciki ne waƙar "Can't Stop" take, wadda ta shigar da su gidajen Kanadawa, kuma kundin ya ci lambar yabon waƙa ta Kanada, Juno, ta R&B da soul a 2001. Ba faifan da za ka riƙa tsallake waƙoƙi ba ne, shi ya sa sayensa sukutum ba asara.

Resurrected na 2004 shi ke biye, ba laifi. Absolute na 1996 na masu tara faifai ne kawai. mySOUL na 2006 ma ya ci Juno, amma waƙoƙin wasu aka sake rerawa, har da na Radiohead. Ba nan za ka san su ba.

Matsalar ba zaɓen kundi ba ce, samun na gaskiya ne. Tsofaffin faifai ne, galibi na hannu za ka samu a shafukan cinikin intanet na Discogs ko eBay, kuma kana iya cin karo da jabu. Kafin ka biya, nemi mai kaya ya turo hoton bayan faifan, ba na kwali kaɗai ba. Na kamfani ruwan azurfa ne tsaf. In ka ga kore-kore ko shuɗi-shuɗi, ko wani zagaye mai duhu inda rubutun ya tsaya, a kwamfuta aka tura shi, kuma irinsa yakan fara tsalle bayan 'yan shekaru saboda rinin da ke ciki yana lalacewa. Duba zoben tsakiya: na asali yakan zo da ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Rubutun kwali in ya yi dishi-dishi, kwafi ne.

Masu sayar da fayil sun fi wayo. Sai su ɗauki MP3 su juya shi FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, su ce daga faifai aka ciro, girman ya ƙaru, sautin da ya zube bai dawo ba. Buɗe shi da manhajar Spek, kyauta ce. Sautin faifan gaskiya yakan kai kusan 22 kHz. Wanda ya yanke ƙat a wajen 16 kHz, MP3 mai 128 kbps ne aka sauya wa riga.

Sai SOULmate, wanda aka kammala bayan mota ta buge Neale a kan Vespa a Agustan 2007. Sankarar huhu ta yi ajalinsa ranar 22 ga Nuwamba, 2009, yana da shekara 39, kundin kuma bai fito ba sai a Disamba. Saboda haka duk wanda ya tallata maka SOULmate da tsada wai da sa hannun Neale a jiki, riƙe kuɗinka.