Tsokar da aka cire wa Inna: asibitin gwamnati ko lab mai zaman kansa?

Yaya, kin ce an cire wa Inna ƙullutu a nono, an miƙo muku shi cikin kwalba aka ce ku kai gwaji. Kina tambaya ina ya fi, kuma ko inshora za ta biya. Allah ya ba ta lafiya.

Wannan ba irin gwajin maleriya ba ne. Sai an yanka tsokar siriri-siriri, likita na musamman ya duba ta a madubin likita, ya faɗa ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Fuskarsa ma ba za ku gani ba, sai sa hannunsa.

A ɓangaren gwamnati, ku fara tambaya a FMC Gusau, wato asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau. In abin ya wuce nan, akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai layi, akwai je-ka-ka-dawo, sakamako kan ɗauki makonni. Amma likitan yana wurin, wanda ya yi aikin zai iya tuntuɓarsa, kuma nan ne katin inshora ya fi samun shiga.

Lab mai zaman kansa kuwa ba layi, ga tarba mai kyau. Sai dai da yawansu karɓa kawai suke yi su tura wani gari. Ki tambaye su kai tsaye: wane likita ne zai sa hannu, kuma kuna karɓar katinmu? In suka fara kame-kame, ki ɗauki kwalbarki.

Maganar inshorar ce ke kayar da mutane. In katin NHIA ne, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS a 2022, asibitin da Inna ta yi rajista ne zai rubuta takardar turawa, kamfanin HMO, wato mai kula da inshorarta, ya bayar da lambar amincewa. In na jiha ne, ofishin ZAMCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Zamfara, za ki je. Ki karɓi lambar kafin ki biya ko sisi, don kuɗin da ya fita aljihu dawo da shi sai an sha wuya.

Kada gaggawa ta ruɗe ki. Tsokar da ke nutse cikin ruwan fomalin, wato ruwan maganin da ke cikin kwalbar, ba ta lalacewa don kwana ɗaya ko biyu na neman takarda. Kada dai a sa ta a firiza, kada a canza ruwan, kuma ki duba sunan Inna a jikin kwalbar.

Ni da Innata ce, FMC zan nufa gobe da sassafe, da takardar turawa a hannu.