Lagireto, tamostat ko gaskit: me za ka saya idan tsohuwar mota ta fara zafi?

Da watan Afrilu ya kama, zafin Kano ko Sakkwato ya haura digiri 40, sai ka ga motoci a gefen titi an ɗaga bonet, mai mota na tsaye da ledar fiya wata yana jiran inji ya huce. Galibi tsofaffin nan ne da muke lallaɓawa: Golf 3, Peugeot 406, Camry ƙirar 1998, Honda Accord. Ana isa gareji, kafin ka rufe baki an yanke hukunci: "Alhaji, lagireto ne, a sa dabul sel," wato lagireto mai layi biyu na hanyoyin ruwa. Wani bakanike na kusa ya ce a'a, a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗumama, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa.

Wani lokacin suna dacewa. Amma abin da ke sa inji zafi ya kai biyar ko shida, kowanne da alamarsa, don haka kuɗin farko gara su tafi wajen gano wanne ne. Ni kaina na taɓa sayen lagireto sukutum, bayan mako guda allura ta sake tashi. Ashe murfin lagireto ne, robarsa ta tsage kamar faso.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo shi ne lura da lokacin da allurar ke hawa. Idan a cunkoso ne, amma da ka hau babban titi sai ta sauko, iska ce ba ta ratsa lagireto: a duba fanka, fiyus, rile da sensar da ke tayar da ita. Idan kuma a gari lafiya lau, sai ka kama hanyar Zariya ko ka hau tudu da kaya ta fara zafi, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, wato lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Allura ta yi sama cikin 'yan mintuna alhali tiyon da ke shiga lagireto da sanyinsa? Tamostat ya maƙale a rufe. Wanda ake tsoro shi ne gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan inji da gangar jikinsa: kumfa na tasowa daga bakin lagireto, farin hayaƙi a salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba.

Sai kayan gwaji, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba. Wanda ya fi amfani shi ne famfon gwajin matsi, da ake ɗaurawa a bakin lagireto inji na sanyi, a bunƙasa iska har adadin da ke rubuce a murfi. Idan awon ya fara sauka akwai yoyo, kuma sau da yawa da idonka za ka ga ɗigon, ko a bakin tiyo ko a ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, inda yake barin farin dasashi. Ba sai ka saya ba. Nemi garejin da ke da shi ka biya kuɗin gwaji. Haka ruwan gwajin gaskit: shuɗi ne, idan hayaƙin inji na shiga ruwan lagireto sai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa. Kada ka yarda a kwance kan inji kafin a yi wannan.

Abin da zan ce ka mallaka da kanka shi ne 'yar na'urar OBD2 da ake jonawa a soket ɗin kwamfutar mota, mai haɗuwa da waya, domin allurar dashbod ta tsohuwar mota takan yi ƙarya, ita kuwa na'urar lambar zafin injin take ba ka. Sai dai ka duba shekarar motarka: waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka suna da wannan soket tun 1996, masu fetur na Turai kuwa sai 2001 aka wajabta. Mai 504 ko 505 ya manta da ita, ya nemi ma'aunin zafi mai haskawa daga nesa. Da shi ake bin fuskar lagireto. Inda ka tarar da wuri mai sanyi a tsakiyar zafi, nan ne ya toshe.

A kayan canji, fara da murfi, shi ne mafi araha kuma shi aka fi rainawa. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfin da ke riƙe matsi yana kai shi kusan 120. Motocin Japan za ka ga an buga lambar matsi 0.9 ko 1.1 a kansa. Sayi mai lambar da motarka ta zo da ita, sabo, na kirki. Murfi ba abin saye a beljiyam ba ne.

Tamostat kuwa nan ne nake rabuwa da yawancin makanikanmu. Hujjarsu ita ce an yi shi don ƙasar sanyi. To ai aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma da ruwa ya kai wajen digiri 82 a yawancin Toyota, ko 87 a Golf, buɗewa yake ya ba da hanya. Ka cire shi, da safe da lokacin hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara mai, kai kuma kana zagin gidan mai. A wasu injinan ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba, cire shi ƙara zafi yake. Gwajinsa a kicin ake yi: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, ka sayi sabo. Fanka dairek ma rufe ciwo ce, motar fankar da batir ne ke biyan bashin.

Lagireto zaɓi uku ne. Wanki yana da kyau ga tsohon lagireton tagulla irin na 504, wanda ake buɗewa a zurara ƙarfe a kowace hanya a sake liƙewa da dalma. Na alminiyam mai kan roba, idan robar ta fara komawa ruwan ƙasa tana tsagewa, wanki ɓata kuɗi ne, gam kuma na kai ka gida ne kawai. Na beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka yakan fi sabon jabu inganci, amma ka tuna shi ma ya kwana biyu; a gwada shi da matsi a gabanka, ka leƙa ciki ka ga ko akwai tsatsa. In motarka otomatik ce, tabbatar yana da bakunan nan biyu na man giya. Dabul sel yana da amfani ga motar haya mai doguwar tafiya da lodi, muddin fanka da murfinta sun zauna daidai a jikinsa. Ba ya maganin gaskit, ba ya maganin matacciyar fanka.

Famfon ruwa a Camry mai inji 2.2, da 406, da Accord na wancan zamani, bel ɗin tayimin ne ke juya shi. Tunda kuɗin aikin ɗaya ne, a canza su tare.

Saura abin da za a zuba. Ruwan rijiya da na burtsatse su ne ke cika lagireto da tsatsa da farin dutse. Kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji, wanda aka gauraya da ruwa rabi da rabi, yana hana wannan, amma kasuwa cike take da ruwa mai kala, don haka karanta jikin galan ka ga an rubuta ethylene glycol. Guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da awaki. Kuma mai 406 ya tsaya a kan bakanike ya buɗe sukurorin fitar da iska lokacin cikawa, in ba haka ba sabon lagireton ma allura za ta tashi kafin ka kai shataletale na biyu.