Kwana biyar a sansanin gwajin wasan waƙa: abin da na gani a kan ɗana

Makarantar su ɗana ta shirya sansanin kwana biyar domin ɗaliban da za su fito a wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa na ƙarshen shekara, kuma sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin na sa hannu a takardar amincewa. Yaron yana da shekara 13, muryarsa kuwa ta fara fashewa irin ta masu shiga balaga. A gida yakan ɗauko baiti da siririyar murya, kafin ya kai ƙarshensa sai ta zame masa ta faɗa ƙasa, ƙannensa su yi ta ƙyalƙyala dariya. Tsorona shi ne kada a tsayar da shi gaban ɗalibai kusan 40 a yi masa irin wannan dariyar, ya dawo ya ce shi da waƙa har abada.

Sau biyu na je sansanin, a rana ta biyu da aka bar iyaye su zauna a bayan zaure su yi kallo, da kuma ranar rufewa. Abin da na gani a zuwan farko shi ya kwantar mini da hankali. Da layi ya zo kan ɗana muryar ta tsinke masa a tsakiyar baiti, malamar waƙa ba ta ce ya sake ba, ba ta kuma nuna wani abu ya faru ba. Kiransa ta yi kusa da fiyano, tana danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya tana gangarowa, shi kuma yana binta da murya, har ta gano inda muryar take zama ba tare da ya ɗaga haɓa ko ya matse wuya ba. Nan take ta sauke karin waƙar da mataki biyu, ta rubuta a takardarsa, ta ce wa mai kiɗa daga yau a nan za a riƙa ɗauka. Da muka gaisa bayan an tashi ta yi mini bayanin cewa a wannan shekarun maƙogwaron yaro yana girma, tantanin da ke kaɗawa ya ba da sauti yana ƙara tsawo da kauri, shi ya sa muryar namiji takan sauka da kusan mataki takwas na ma'aunin kiɗa kafin ta daidaita. Ta ce tilasta masa ya koma saman da ya baro ba zai haifar da komai ba sai ciwon maƙoshi.

Tsarin safiya ma ya burge ni. Ba a fara waƙa sai an yi kusan minti 20 ana ɗumama murya: yara su kwanta a ƙasa, kowa ya ɗora hannu a ciki ya ji yana tashi idan ya ja numfashi, sannan su tashi su yi ta gunji da baki a rufe kafin a buɗe. Daga nan mai koyar da rawa ya karɓe su yana ƙirga ɗaya zuwa takwas, yana tafi, har ƙafafu su bi ƙirgen da kansu. An manna tef mai launi a kan dandamali domin kowa ya san inda zai tsaya, wata ɗaliba kuma tana zaune a gefe da babban littafi tana rubuta lokacin shigar kowa da na kunna fitila. Da fensir take rubutun, domin darakta yakan canza shawara sau uku a fitowa guda.

Sai dai darakta ɗin nan shi ne inda ƙorafina yake. Jadawalin da aka ba mu ya ce ana kashe fitila da ƙarfe tara da rabi na dare, amma ɗana ya tabbatar mini cewa a dare na uku da na huɗu sun wuce sha ɗaya suna kan dandamali, aka kuma tashe su da ƙarfe shida. Masana barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga masu shekara 13 zuwa 18, waɗannan yaran kuwa ko bakwai ba su cika ba, bayan sun wuni suna waƙa da tsalle. Ba a je ko'ina ba muryar yarinyar da ke riƙe da babban matsayi ta dishe a rana ta huɗu. Malamar waƙa ta hana ta magana gaba ɗaya, har da raɗa, wadda ta ce ita ma tana wahalar da maƙogwaro. A nan ne aka gane cewa wadda aka ajiye a matsayin ko-ta-kwana ba a taɓa gwada ta a kan dandamali ba ko sau ɗaya, domin darakta ya zuba duk lokacinsa kan manyan 'yan wasa huɗu, ya bar 'yan amshi zaune wani lokaci har awa biyu babu wanda ya ba su abin yi.

Lasifikokin zauren ma sun yi ƙara fiye da kima. Ƙa'idar da aka saba bi a wuraren aiki ita ce kada mutum ya wuce awa takwas cikin ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, alamarta kuwa ita ce sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ni sai da na yi kusan ihu kafin mahaifin da ke gefena ya fahimci abin da nake faɗa.

Ranar rufewa aka yi gwajin ƙarshe da cikakkiyar shiga da fitilu da makirufo, daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Yarinyar ko-ta-kwana ta manta layi biyu, mai littafin fensir ta jefo mata daga bayan labule, ta ɗauka ta ci gaba. Ɗana yana da baiti huɗu kacal. Ya tako ya tsaya daidai kan jan tef ɗinsa, ya ja numfashi har na ga cikinsa ya motsa, ya rera su a ƙasan nan da malamar ta nemo masa, muryar ba ta zame ba.

Idan aka sake shiryawa badi zan bar shi ya je, amma ba zan sa hannu ba sai hukumar makaranta ta faɗa mini sunan malamin da zai tsaya kan lokacin kwanciya, ta kuma tabbatar mini cewa malamar nan ce za ta sake zama a gaban fiyano.