PPP da EIDL: dalilin da aka yafe wa maƙwabcinki, ke kuma ake bin ki

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce ke da mai gidan abincin da ke jikin shagonki a Bronx, a birnin New York, duk kun karɓi kuɗin gwamnatin Amurka lokacin korona. Shi an yafe masa tuni, ke kuwa hukumar ƙananan sana'o'i ta SBA tana aiko miki da takardar biya duk wata, har kina tunanin ki dakata ki jira taki yafiyar. Don Allah kada ki dakata. Yadda kika kwatanta, shi PPP ya karɓa, wato rancen biyan albashin ma'aikata, ke kuma EIDL, wato rancen tallafa wa sana'ar da bala'i ya shafa, kuma kowanne da nasa sharaɗin tun ranar farko.

PPP ya fito ne daga dokar CARES da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris, 2020. Manufarsa ɗaya ce: kada a sallami ma'aikata. A lokacin, banki ne ke ba da kuɗin, SBA ta tsaya masa, ba jingina, ba a kuma ɗora bashin a wuyan mai sana'ar shi kansa. Ana duba abin da mutum ke biyan ma'aikatansa a wata, a ninka shi sau biyu da rabi. Wanda albashin yaran shagonsa ya kai dala 8,000 a wata, dala 20,000 zai samu. Direban tasi ko mai kitso da ke aiki ita kaɗai ma ta cancanta, amma iyakarta dala 20,833. Kuɗin ruwansa kashi 1 cikin 100 ne, kuma in an yafe, har da ruwan ake sharewa.

Yafiyar kuwa ba haka kawai ta sauka ba, sai da maƙwabcin naki ya nema ya kuma cika ƙa'ida. Da farko an ce kashi 75 cikin 100 na kuɗin ya tafi a albashi cikin mako 8. Masu gidajen abinci suka yi ta kuka, don shagunansu a rufe suke, haya kuma ba ta jira. A watan Yuni 2020 aka sassauta, aka mayar da shi kashi 60, aka kai wa'adin har mako 24. Sauran kashi 40 ana iya biyan haya da wuta da ruwa da shi. Ɗauki mai dala 20,000 ɗin nan. In ya zuba dala 12,000 a albashi, saura a haya da wuta, an yafe masa duka. In dala 9,000 kawai ya biya ma'aikata, iyakar abin da za a yafe masa dala 15,000 ne, ragowar 5,000 ta zama bashin da zai biya. Wanda ya rage yawan ma'aikata, ko ya zaftare albashin wani fiye da kashi 25, shi ma ana iya rage masa yafiyar. Masu bashin dala 150,000 zuwa ƙasa an yi musu sauƙi da gajeren fom mai lamba 3508S, kuma galibin mutanenmu a nan suka faɗo.

EIDL bashi ne na gaske, kuma tun kafin korona SBA ke bayar da irinsa ga waɗanda guguwa ko ambaliya ta shafa. Daga hukumar yake fitowa kai tsaye, ba banki a tsakani. Na korona ruwansa kashi 3.75 ne ga 'yan kasuwa, a biya cikin shekara 30. Ba a ƙulle shi da albashi kamar PPP ba, jarin juya sana'a ne, shi ya sa ya fi dacewa da shago irin naki da ke da kaya da yawa amma ma'aikata kaɗan. Sai dai in ya haura dala 25,000 kayan sana'ar sun zama jingina, in ya haura dala 200,000 kuwa mai sana'ar da kansa ya ɗau lamuni. Babu fom ɗin yafiya a cikinsa ko ɗaya.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Tare da EIDL an raba wani ɗan kafin alƙalami, dala 1,000 kan kowane ma'aikaci har zuwa 10,000, wanda ba a mayarwa. Mutane suka ji an ce "ba a biya", sai suka haɗa shi da uwar bashin. Sannan aka ɗage fara biya har wata 30, shirun ya sa da yawa suka saki jiki.

Wannan ɗagewar ce ta fi ba ni takaici, domin ruwan bai tsaya ba ko rana ɗaya. Bashin dala 50,000 yana tara dala 1,875 a shekara, ke nan kafin a ce miki fara biya ya riga ya tara kusan dala 4,700. Abin da kike turawa duk wata ruwan yake fara cinyewa, shi ya sa za ki ga kina ta biya amma uwar kuɗin tana nan kamar ba a taɓa ta ba. Ga wanda riba ke damunsa a addinance, nauyin ya zama biyu.

In kika daina biya, SBA na miƙa bashin ga Baitulmalin Amurka. Su kuma suna ƙara kuɗin tara, suna iya riƙe rarar harajin da kike jira a ƙarshen shekara, sunanki kuma ya ɓaci a wajen masu ba da bashi. Duk wanda ya kira ki ya ce ki ba shi wani abu ya samo miki yafiyar EIDL, ki kashe wayar.

Maƙwabcin naki ma kada ya zubar da takardunsa don an yafe masa. A watan Agusta 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokokin da suka ba gwamnati shekara 10 ta gurfanar da wanda ya yi zamba a PPP ko EIDL, don haka shaidar albashi da rasit na haya su ne garkuwarsa in an dawo bincike.

Ke kuma ki shiga asusunki a shafin SBA ki ga nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwan da ya taru. Babu tara ga wanda ya biya EIDL kafin lokaci, saboda haka duk watan da kasuwa ta yi kyau ki ƙara wani abu a kan abin da aka yanka miki. In kuma biyan ya gagara, ki tuntuɓi SBA da kanki tun bashin bai bar hannunsu ba.