Hilux ta hannu da na saya don aikin gona, bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da sayen motar nan, amma har yau in na tuna ranar da ta kafe mini a hanyar gona sai raina ya ɓaci. Hilux ce ƙirar 2003, mai ƙofa biyu da dogon baya, injin dizal 5L mai lita 3, ba turbo. Da gangan na nemi wannan injin, don ba shi da tarkacen kwamfuta, duk bakaniken da ya san dizal zai iya taɓa shi. Amma babban abin da ya sa na ƙara kuɗi na bar ƙananan a-kori-kura shi ne ina son mai ja da taya huɗu. Hanyar gonata da rani rairayi ce, da damina kuwa taɓo ne zalla.

Ranar saye mun zagaya da ita a kan kwalta. Mai motar ya ce in ja ƙaramar giyar nan ta sa taya huɗu in gani da idona. Na ja zuwa H4, wato taya huɗu na tafiyar da aka saba, fitila ta kama a gabana, ba ƙara ba girgiza. Ya rantse mini komai lafiya. Na duba baƙin mai, na duba hayaƙi, na leƙa lagireto, na biya.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, na loda buhu 18 na taki mai kilo 50, na ɗauki yara biyu masu yi mini aiki. Muna isa kwarin da ke kusa da gona ta fara jan gindi. Ban damu ba, ai ranar da na saye ta dominta ce ta zo. Na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba, na dawo na sa L4, wato taya huɗu mai ƙarfi na tafiya a hankali, fitila ta kama, na saki kuloci a hankali. Tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa laka, na gaba ko motsi. Na ƙara wuta, sai ƙara nitsewa take, har cikinta ya zauna a ƙasa. Ga hadari ya sake haɗowa, ga taki a buɗe. Haka muka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya a ka, muka yi ta haƙa da shebur muna cusa itace da duwatsu. Tun hantsi har rana ta faɗi muna wurin, sai da aka samo tarakta ta fizgo mu. Buhu huɗu ruwa ya taɓa, suka dunƙule kamar dutse.

Washegari bakanike ya kwanta ƙarƙashinta, ko minti biyu bai yi ba ya fito ya ce, "Maigida, ai motar nan ba ta da farfelar gaba." Wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin gaba. Na ce kamar yaya? Ya ce in sunkuya in gani. Wallahi wurin fayau, sai ramukan noti huɗu. Cire ta aka yi. Ita fitilar nan daga akwatin raba giya take samun umarni, da an ja sandar za ta kama, ko akwai farfela ko babu. Da muka buɗe aksul ɗin gaba sai ga dalili: haƙoran ciki sun cinye, wasu sun guntule. Da farfelar na nan ranar gwaji, ƙarar kaɗai ta isa ta tona asiri. Wannan ba tsufan mota ba ne, ha'inci ne, mutum ya zauna ya shirya shi. Na kira wanda ya sayar mini ya ce shi ma haka ya saye ta. Daga ranar bai sake ɗaga wayata ba.

To, gaskiya dai a faɗe ta. Tun da aka sa wani aksul da farfela, motar nan ta zama wata aba daban. Kwarin da ya riƙe mu yini guda, yanzu a L4 da giya ta biyu take ratsa shi da kaya, ko taka wuta sosai ba na yi. Injin ba shi da gudu, a kan hawa da lodi sai ka yi haƙuri da shi, amma bai taɓa yin zafi ba, kuma da safe bugu ɗaya yake tashi. Sifirin na baya yana ɗaukar nauyi ba gardama, sai dai in ba kaya tana dukan baya ƙwarai. Abu ɗaya da bakaniken ya ja mini kunne a kai: da na hau busasshiyar kwalta in mayar da ita H2, wato tayoyin baya kaɗai su ja, don a taya huɗu gaba da baya a ɗaure suke tare, barinta a huɗu yana cin taya yana wahalar da giya. Don haka ita kanta motar ba ni da ƙorafi a kanta, da za a ce in sake zaɓa ita zan ɗauka.

Sai dai ina cikin wannan yabon nake tuna bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a cikin injin. Injin nan ana canja masa bel duk kilomita 100,000, kuma in ya tsinke yana tafiya bawul ne ke lanƙwashewa. Mutumin da ya sayar mini ya ce sabo ya sa. Da muka cire murfin, bel ɗin duk ya tsattsage, saura ƙiris. Ga shasi kuma da aka shafe da baƙin fenti mai kauri, da na ƙwanƙwasa da guduma kusa da mariƙin sifirin sai tsatsa ta zubo, dole aka yi walda. Mota ta yi mini sati uku a gareji daidai lokacin zuba taki, na koma hayar mota alhali ga tawa. Ban yafe masa wannan sati ukun ba.