Shagon gyaran kwamfuta da ya raba ni da matsalar shuɗin sikirin a Jos

Masu desktop a Jos, musamman mu masu shagon buga takardu da fotokwafi, in kwamfutarku tana yawan kawo shuɗin sikirin ɗin nan mai fuskar baƙin ciki ta mutu ta sake tashi da kanta, dan Allah kar ku yarda a ce muku fomatin ne magani tun ba a duba komai ba. Akwai wani ɗan shago a wani lungu da ke bayan Ahmadu Bello Way kafin ka ƙarasa Terminus, aikin mai shagon nake so in yi magana a kai don wallahi ya burge ni, duk da akwai inda ban ji daɗi ba kuma zan faɗa.

Tawa 'yar Beljiyam ce, Core i5 tsohon yayi mai ram (ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kai a lokacin) DDR3 sanda biyu, da ita nake yi wa ɗaliban Unijos aikin furojet a wajen Bauchi Road. Sai ta fara, kana cikin taifin kawai sikirin ya koma shuɗi, yau ta rubuta MEMORY_MANAGEMENT gobe ta rubuta IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wani lokacin ma ba ta rubuta komai sai dai ta ɗauke ɗif. Wanda bai taɓa zama da ɗalibi a kansa ba ana gobe zai miƙa furojet ga babi guda ya tafi, ba zai gane zafin abin ba. Masu gyaran da na fara kai wa duk bakinsu ɗaya, wai bairos ne, a yi fomatin a sa sabon Windows, ka biya ka ɗauko, ka sake sa direban firinta (manhajar da ke sa ta aiki da kwamfuta) da Office da komai daga farko, kwana kaɗan ta koma gidan jiya.

Shi wannan bawan Allah da na ajiye masa ita ko sukurudireba bai ɗauka ba, tambaya ya fara. Malam me take rubutawa a ƙasan sikirin, ka ɗauki hoto? Tana mutuwa ne in an kunna jen ko ko da wutar gari? Da safe ne ko sai ta jima tana aiki? Na nuna masa hotunan da ke wayata, ya ce toh ka ga rubutun yana canzawa, in da direba ɗaya ne yake rikici yawanci abu ɗaya za ta riƙa maimaitawa har ma ta kira sunan fayil ɗin, amma in yau wannan gobe wancan, kuma an yi fomatin bai hana ba, hankalinsa ya fi tafiya kan ram ko wuta ko zafi. Ya shiga C:\Windows\Minidump, ashe in ta kawo shuɗin sikirin Windows yana ajiye ɗan fayil a can na abin da ya faru, ya buɗe su da wata 'yar manhaja BlueScreenView. Sannan ya nuna min a Event Viewer, wajen da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, inda aka jera Kernel-Power 41, ya ce wannan kar ya tsorata ni, ma'anarsa kawai ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ba ya faɗin dalili. Kuma fomatin da ake ta yi yana share waɗannan bayanan ne gaba ɗaya, kamar a ƙona katin asibitin mara lafiya sannan a ce likita ya nemo ciwon.

Da ya buɗe murfin kuwa sai da na yi salati. Ƙura ta yi kauri a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan firosesa har ta dunƙule, fanka tana juyawa amma iska ba ta ratsawa. Mu a Jos saboda sanyin gari muna ɗauka zafi ba zai dami kwamfuta ba, alhali ƙurar hunturu shiga take ta toshe ko ina, firosesa kuma in ta doshi digiri 100 rage gudu take, in abin ya wuce ta kashe kanta don kar ta ƙone. Ya hure da buluwa a waje yana riƙe da fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa, ya goge tsohon man firosesa da ya bushe ya zama gari, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya. Ya auna fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, da mita, layukan bolt 12 da 5 da 3.3 duk suna daidai, ya ce Malam wannan lafiyarsa ƙalau kar ka sayi sabo. Nan ne na san mutumin yana da tsoron Allah, don ga fawa fak jere a kantarsa, da ya ce ya lalace ba ni da yadda zan yi musu.

Asalin ciwon a ram yake. Ya sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filash ya tayar da kwamfutar daga ciki ba tare da Windows ba, ba a jima ba jan layi mai nuna kuskure ya fara fitowa. Ya cire sandunan ya goge bakin zinaren da magogin fensir, ya mayar da ɗaya ita kaɗai ya gwada, ya canza mata rami ya sake gwadawa don ya tabbatar ba ramin madabod ɗin ba ne, sannan ya koma kan ɗayar. Ɗaya tsaf take, ɗayar ko ina aka sa ta ja take kawowa. Madadinta kaɗai na saya, kuma sabuwar ma bai ba ni ba sai da ta kwana a kan gwaji. Had disk ya duba da CrystalDiskInfo ya nuna Good, amma ya ce in na samu hali in koma SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri.

Na tambaye shi ko kenan manhaja ba ta kawo shuɗin sikirin, ya ce tana kawowa mana, ya tuna min abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024 da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya har jirage suka kasa tashi, wannan ba ram ba ne ba ƙura ba. Shi ya sa ake karantawa kafin a taɓa. Ya kuma ja min kunne cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, tawa kuma ta yi wa Windows 11 tsufa tunda shi yana neman ɗan cif ɗin tsaro TPM 2.0 da firosesar Intel daga ƙarni na 8, don haka in fara tara kuɗi a hankali.

Inda ban ji daɗi ba, mutumin ba ya ɗaga waya sam, sai ka taka ka je da ƙafarka, ga shagon a matse kujera ɗaya ce ta baƙi sauran a tsaye, ga babu wajen ajiye mota, in da desktop ka zo gara ka hau keke ya sauke ka a bakin lungun ka ɗauka a hannu. Aikinsa akwai jinkiri, ga mai kasuwa irina kwamfuta ta kwana a waje asara ce. Yana karɓar kuɗin dubawa daban ko da ba a sayi komai ba, wasu na ji suna ƙorafi a kai, ni dai ban ga laifinsa ba tunda lokacinsa ya ɓata. Rasit kuma sai da na roƙa yaronsa ya rubuta min a takarda da garantin ram ɗin, wannan ya kamata su gyara.

Tun da na dawo da ita ba ta sake faɗuwa ba, na kuma bi shawararsa na sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, saboda canjin wuta zuwa jen, na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora kan tebur. In za ku je ku tafi da hoton sikirin ɗin, ku kwafe fayilolinku a filash tun daga gida, kuma ku je da safe kafin sha ɗaya don da rana cika yake yi.